Sabuwar Waya a Ma'aunin Masu Jari: Daga Shanghai Zuwa Kasuwar Gwada

Duk lokacin da kamfanin ƙera wayoyi ya sa ranar fito da sabuwar waya, mutane iri biyu ne suke zuba ido, kuma abin da kowannensu yake nema ya sha bamban da na ɗan'uwansa. Akwai mai saye, wanda damuwarsa ba ta wuce ƙarfin batir da kyan hoto da yawan abin da zai zaro daga aljihu ba, sannan akwai mai zuba jari, wato wanda ya sa dukiyarsa a cikin harkar yana fatan ta dawo masa da riba, ko da kuwa bai taɓa riƙe wayar a hannunsa ba. Shi wannan na biyu dole ne ya yanke hukunci tun kafin kaya su iso kasuwa, abin da Bahaushe zai kira cinikin biri a sama, sai dai cinikin yana da ƙa'idojinsa da alƙalumansa, kuma wani babban kaso na waɗannan alƙaluma a garuruwa irin su Gwada ake samar da shi, ba a ɗakunan taron da ake baje kolin wayar ba.

Gwada gari ne a ƙaramar hukumar Shiroro ta jihar Neja, a kan hanyar da ta tashi daga Minna ta nufi Kuta, hedikwatar ƙaramar hukumar, kuma sunansa ya fita ne saboda kasuwar doya, inda manoma, akasarinsu Gbagyi, suke kawo amfanin gona, dillalai da fatake su saya ƙwarya-ƙwarya, wato ɗari-ɗari, a loda wa manyan motoci zuwa biranen kudu da na arewa. Ba a ƙera waya a garin, ba a kuma cinikin hannun jari a cikinsa, amma kamar yadda yake a yawancin kasuwannin arewacin Nijeriya, wayar da ke aljihun dillali da direba da mai POS ba ta cika wuce Tecno ko Infinix ko itel ba. Mutane da yawa suna ɗaukan waɗannan sunaye uku a matsayin abokan hamayya, alhali kuwa duk mallakar kamfani ɗaya ne, Transsion Holdings, mai hedikwata a birnin Shenzhen na ƙasar Sin, wanda ake cinikin hannun jarinsa a Shanghai. Saboda haka shawarar da manomin doya ya yanke ta sayen sabuwar waya ko haƙura da tsohuwa, idan ta haɗu da ta miliyoyin ire-irensa, ita ce take komawa lambobin da masu jari suke karantawa a ƙarshen kowane wata uku.

Hannun jari wani yanki ne na mallakar kamfani, wanda aka kasa ƙanana-ƙanana domin jama'a su saya, kuma mai shi yana da rabo a cikin ribar da kamfanin ya raba, yana da ikon sayar da hannunsa ga wani a kasuwar hannayen jari duk ranar da ya ga dama. Abin da ya kamata a fahimta shi ne cewa farashin hannun jari ba ribar da aka riga aka ci yake bi ba, ribar da ake tsammani yake bi, domin wanda zai saya yau abin da zai samu gobe yake biya. Wannan ne ya sa bankuna suke ɗaukar manazarta, wato ma'aikatan da aikinsu shi ne hasashen cinikin kamfani da ribarsa, su kuma suna dogara da kamfanonin ƙididdiga irin su IDC da Counterpoint, waɗanda suke ƙirga wayoyin da kowane kamfani ya fitar zuwa kowane yanki na duniya. Idan sakamako ya zo ƙasa da abin da aka yi hasashe, farashin hannun jari yakan faɗi ko da kamfanin ya ci riba mai yawa, idan kuma asara ta zo ba ta kai wadda aka ji tsoro ba, farashin yakan tashi.

Misalin da ya fi fito da wannan a fili shi ne na BlackBerry, wayar da ta zama alamar gata a biranen Nijeriya wajen shekarun 2010 zuwa 2013, lokacin da matasa da 'yan kasuwa suke musayar lambar sirri ta wayar domin yin hira ta BBM. Kamfanin da ke ƙera ta, Research In Motion na ƙasar Kanada, ya ga iPhone da wayoyin Android suna ƙwace masa kasuwa, sai ya ɗora dukkan fatansa a kan sabuwar manhaja da sabuwar waya mai suna Z10. Daga watan Satumba na 2012 zuwa Janairu na 2013 farashin hannun jarinsa ya ninka fiye da sau biyu, ba don an sayar da ko da waya ɗaya daga cikin sababbin ba, sai don masu jari sun yarda za a sayar. Ranar 30 ga Janairu 2013 aka ƙaddamar da wayar, kamfanin ya sauya sunansa zuwa BlackBerry, kuma a wannan rana hannun jarin ya faɗi da kimanin kashi 12 cikin ɗari, musamman da aka ji cewa wayar ba za ta shiga kasuwar Amurka ba sai watan Maris. Zuwa watan Satumba na shekarar kamfanin ya rubuta asarar fiye da dala miliyan 900, mafi yawanta ta wayoyin Z10 da suka yi kwantai, ya kuma sanar da sallamar ma'aikata 4,500.

Kwantai shi ne abin da gogaggen mai jari ya fi tsoro, kuma a nan ne alƙaluman farko sukan yaudari mai gaggawa. Kamfani yakan rubuta ciniki a littafinsa tun lokacin da babban dila ya ɗauki kaya, ba lokacin da mai amfani ya biya kuɗi ya yage ledar kwali ba, saboda haka watan farko na kowace sabuwar waya kusan kullum yana da kyau a takarda, tunda aikin da aka yi bai wuce cika shaguna ba. Gaskiyar lamari tana bayyana ne a sari na biyu, wato ranar da mai shago ya koma wurin dila ya ce a ƙaro masa irin waccan. Idan bai koma ba, kayan suna nan jibge a tsakanin masana'anta da mai saye, dole a karya farashi domin su fita, kuma karya farashi daga ribar wani ake cire shi. Manazarcin da ya san aikinsa yakan fi damuwa da yawan makonnin da kaya suke yi a hannun dillalai fiye da yawan mutanen da suka yi tafi a ranar biki.

Kafin BlackBerry, Nokia ta ƙasar Finland ce ta mamaye kasuwar Nijeriya, har ma wayarta ta biliyan ɗaya, ƙirar 1100 mai tocila, a Nijeriya aka saye ta a 2005. A watan Fabrairu na 2011 ta sanar da cewa za ta ɗora manyan wayoyinta a kan manhajar Microsoft, hannun jarinta ya faɗi da kimanin kashi 14 cikin ɗari a rana ɗaya, kuma zuwa 2014 ta sayar wa Microsoft ɗin da sashen wayoyin gaba ɗaya. Gurbin da waɗannan kamfanoni biyu suka bari a Afirka shi ne Transsion ya cike.

Wanda ya kafa Transsion a 2006 shi ne Zhu Zhaojiang, tsohon jami'in sayar da kaya a ƙasashen waje na wani kamfanin waya na Sin mai suna Ningbo Bird, kuma a 2008 ya yanke shawarar mai da hankali kacokan a kan Afirka, yana farawa da Nijeriya. A lokacin shekara bakwai ke nan da zuwan wayar salula ƙasar, tun bayan gwanjon lasisi na Janairu 2001 da fara aikin MTN da Econet a watan Agusta na shekarar, kuma matsalar da kowa ya sani ita ce kira daga wani layi zuwa wani yana da tsada, sabis kuma yana nan a wannan unguwa babu shi a waccan, har mutum ɗaya yakan riƙe waya biyu ko uku. Tecno ta shigo da waya mai ɗaukar layi biyu a farashin da talaka zai iya, ta ƙara girman batir, ta sa harsunan Hausa da Amharik da Swahili a cikin wayoyinta, daga baya kuma ta gyara kyamara yadda za ta fito da fuskar baƙar fata da kyau, abin da manyan kamfanoni suka daɗe ba su kula da shi ba. Ta kafa Carlcare, sashenta na gyara, a 2009, ta buɗe masana'antar harhaɗawa a Habasha a 2011, ta shafe bangayen kasuwanni da shuɗin fenti har cikin ƙananan garuruwa. Zuwa 2017 kamfanin ya wuce Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a nahiyar.

Ranar 30 ga Satumba 2019 aka fara cinikin hannun jarinsa a wani sabon sashe na kasuwar Shanghai da ake kira STAR, wanda aka buɗe a wannan shekara domin kamfanonin fasaha. An sayar da kowane hannu a kan yuan 35.15, kamfanin ya tara kimanin yuan biliyan 2.8, kuma a ranar farko farashin ya tashi da kusan kashi 64 cikin ɗari. Abin lura a nan shi ne masu jarin ƙasar Sin sun yi rububin sayen kamfanin da ba ya sayar da wayoyinsa a ƙasarsu, wanda da yawansu ba su taɓa ganin Tecno da idonsu ba. Hujjarsu ita ce Afirka nahiya ce ta matasa, kuma ɗaruruwan miliyoyin mutane suna nan da ƙaramar waya mai madannai, wadda ko ba jima ko ba daɗe za su ajiye su sayi babba, kuma wanda ya saba da itel ƙarama ba zai yi wuya ya nemi itel ko Tecno babba ba. Shekarar 2023 ta gaskata su, domin kamfanin ya fitar da manyan wayoyi kimanin miliyan 95, ya zama na biyar a duniya a ƙididdigar IDC, cinikinsa ya haura yuan biliyan 62, ribarsa ta kai kimanin yuan biliyan 5.5, wato fiye da ninki biyu na ta shekarar da ta gabata.

Sai dai yawan ciniki daban, riba daban. Ma'aunin da masu jari suke fara dubawa shi ne ɗanyar riba, wato abin da ya rage daga kuɗin sayarwa bayan an cire kuɗin kayan haɗi da na ƙira, kafin a cire albashi da talla da haraji. A Transsion wannan ya kai kusan kashi 24 cikin ɗari a 2023, ya sauka zuwa kusan kashi 21 a 2024, kuma bambancin kashi uku da ake gani kamar ba komai ba ne, idan aka lissafa shi a kan cinikin biliyoyi, dukiya ce mai yawa. Dalilin wannan rauni shi ne kamfanin ba ya ƙera manyan sassan wayarsa, yana sayen ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aiki daga kamfanoni irin su MediaTek na Taiwan da Unisoc na Sin, yana sayen ma'adanar bayanai, wadda aka fi sani da memori, daga wasu 'yan tsirarun masana'antu da suke iko da farashi. Apple, wanda kamfanonin ƙididdiga suka sha nuna cewa shi kaɗai yake kwashe fiye da kashi 80 cikin ɗari na ribar wayoyin duniya, yana iya shanye tsadar memori ba tare da ya ji a jikinsa ba, amma wayar da aka ƙera domin mai ƙaramin ƙarfi ba ta da wannan sarari, ko dai a ƙara mata kuɗi mai saye ya gudu, ko a bar ta yadda take riba ta tsiyaye.

A Nijeriya kuwa, abin da ya fi komai tasiri a kan makomar sabuwar waya shi ne darajar naira, tunda da dala ake shigo da ita, da naira ake sayar da ita. A watan Mayu na 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a watan Yuni Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa kasuwa ragamar canji, kuma zuwa farkon 2024 dala ta haura naira 1,500. Ma'anar wannan ita ce wayar dala 100, wadda lissafinta yake naira 46,000 a tsohon farashi, ta koma naira 150,000 ba tare da an ƙara mata komai ba, a daidai lokacin da cire tallafin man fetur ya ninka kuɗin mota, hauhawar farashin kaya kuma ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda aka mayar naira 70,000 a 2024, da na jihar Neja da aka sa naira 80,000, suna nuna cewa waya mai matsakaicin daraja tana cin albashin wata biyu ko kusa da haka. A irin wannan hali mutum ba ya daina amfani da waya, sai dai ya canza mata sikirin da batir ya ƙara shekara guda da ita, kuma wannan ƙarin shekara, da ba ya bayyana a kowace takardar talla, shi ne babban abokin gaban sabuwar waya.

Gwada tana ƙara wa wannan lissafi wasu abubuwa da ba a cika gani daga nesa ba. Kuɗin manomin doya ba wata-wata yake zuwa ba, yana zuwa ne da kaka, daga fitowar sabuwar doya zuwa babban haƙa na ƙarshen shekara, da damina kuma duk abin da ke hannu yakan tafi ga iri da taki da maganin feshi da 'yan ƙwadago. Kamfanoni kuwa sukan baje kolin sababbin wayoyinsu a farkon shekara, musamman a babban taron wayoyi na birnin Barcelona da ake yi a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, wayar ta iso shagunan Nijeriya a daidai lokacin da manomi yake shirin shiga gona. Wanda ya auna irin wannan waya da cinikin watanninta biyu na farko, cinikin Legas da Abuja ya auna, domin hukuncin karkara sai bayan an sayar da amfanin gona, ko kuma a gabanin salla. Ga kuma matsalar tsaro, wadda ta raba ƙauyuka da dama na Shiroro da gonakinsu a shekarun nan, ta tara 'yan gudun hijira a Gwada da Kuta. Mutumin da aka raba da gonarsa ba ya cikin masu sayen sabuwar waya, ko da yake buƙatarsa ta jin labarin 'yan'uwa da na hanya ta fi ta kowa, kuma irinsa ne suke riƙe da kasuwar ƙananan wayoyi da ta tsofaffi.

Batun wuta ma haka yake. Madatsar ruwan Shiroro, mai ƙarfin megawat 600, wadda ta fara aiki a 1990, tana cikin wannan ƙaramar hukuma, jihar Neja kuma ita ce mai Kainji da Zungeru, ga Jebba a kan iyakarta, amma duk da haka rumfunan cajin waya da ke aiki da janareta ko hasken rana sana'a ce mai ci a yankin. Wannan ne ya sa lambar 5,000 ko 6,000 da ake rubutawa a jikin kwali, wadda take nuna yawan cajin da batir yake iya riƙewa, ta fi sayar da waya a nan fiye da siririn jiki ko saurin wasanni. A 2023 Tecno ta ƙaddamar da Phantom V Fold a Barcelona, waya mai naɗewa kamar littafi da kuɗinta ya kai kimanin dala 1,000, jaridun fasaha suka yi ta yabo, amma babu mai jarin kirki da ya ɗauka cewa ita za ta kawo riba. Aikinta shi ne ta ɗaga darajar sunan, ta yadda matashin da ya samu buɗi ba zai ji kunyar ci gaba da riƙe Tecno ba, kuɗin kuwa yana wurin Spark da Pop da Camon, da Hot da Smart na Infinix, da jerin ƙananan itel, waɗanda ba a cika yi musu dogon biki ba.

Masu ɗari-ɗari da kamfanin suna da hujjoji masu nauyi. Kasuwar da ya daɗe yana ci kusan shi kaɗai ta jawo hankalin wasu, Xiaomi da Realme da Oppo da Honor sun shigo Afirka da ƙarfi, Samsung ya saukar da farashin ƙananan wayoyinsa, kuma Xiaomi kamfani ne da ya yi alƙawari tun 2018 cewa ribarsa a kan na'urori ba za ta wuce kashi 5 cikin ɗari ba, wanda yin takara da irinsa a farashi ba ƙaramin aiki ba ne. Sannan da Transsion ya faɗaɗa zuwa Indiya da Gabas ta Tsakiya da Latin Amurka, sai ya shiga yankunan da ake tsananta haƙƙin mallakar fasaha, wato kuɗin da mai ƙira yake biyan wanda ya ƙirƙiro wata fasahar da ke cikin wayar, kuma a 2024 Qualcomm na Amurka ya maka shi a kotu a Indiya kafin su sasanta. A watanni shida na farkon 2025 ribarsa ta faɗi da fiye da rabi, kamfanin da kansa ya danganta haka da lokutan fito da sababbin wayoyi da tsananin takara da tsadar kayan haɗi, daga bisani kuma farashin memori ya yi tashin gwauron zabi saboda manyan cibiyoyin kwamfuta na ƙirƙirarriyar basira suna kwashe abin da masana'antu suke fitarwa.

Masu kyakkyawan zato kuma suna kallon abin da ke cikin wayar ne fiye da ita kanta wayar. Boomplay, manhajar sauraron kiɗa da aka fara a Nijeriya a 2015, da PalmPay, ta hada-hadar kuɗi da ta fito a 2019 da jarin dala miliyan 40 a ƙarƙashin jagorancin Transsion, suna zuwa ne a cikin wayoyin tun daga masana'anta, kuma ƙarancin takardun naira na farkon 2023, wanda ya biyo bayan sauya fasalin kuɗi, ya tilasta wa fatake da manoma da yawa koyon tura kuɗi ta waya. Wannan hujja tana da gaskiya a cikinta, amma ana yawan zuzuta ta, domin har yanzu fiye da kashi 90 cikin ɗari na kuɗin shigar kamfanin daga sayar da wayoyi yake fitowa. Abin da ya fi kusa da sauya lissafi shi ne sayarwa a biya kaɗan-kaɗan, irin tsarin Easybuy da M-KOPA, inda mai saye yake ba da kafin alƙalami ya tafi da waya, idan ya yi jinkirin biya a kulle ta daga nesa. Tsarin yana buɗe ƙofa ga wanda ba zai iya tara kuɗin a dunƙule ba, sai dai jimillar abin da zai biya ta fi farashin hannu da hannu, kuma a cikin al'ummar Musulmi ba a rasa masu ja da baya saboda shakkar wannan ƙari.

Akwai kuma wani mai jari da ba a ambatonsa a rahotannin bankuna, alhali haɗarin da yake ɗauka, idan aka gwada da ƙarfinsa, ya fi na kowa, wato mai shagon waya ko mai tebur, wanda yake saro kaya daga shagunan Obasanjo Complex a Minna, ko Farm Centre a Kano, ko Computer Village a Ikeja. Shi ma dole ya yi hasashe a kan kowace sabuwar waya, ko ya ɗauko guda biyar ko ya jira ya ga kamun ludayinta, kuma jarinsa ba ya ɗaukar kuskure biyu a jere. Tambayoyinsa sun fi na manazarta kusa da ƙasa: ko masu gyara sun samu sikirin ɗinta, ko tana zafi a rana, ko za ta yi daraja idan aka dawo da ita domin musaya da ciko, ko kuma gwanjon iPhone da Samsung da ake kira Landan yus zai fi jan matasa a wannan farashi. Fitowar sabuwa tana karya darajar tsohuwar da ke cikin gilashinsa nan take, motsin dala kuma yana cutar da shi ta kowace fuska, kamar yadda aka gani a watannin Maris da Afrilu na 2024, lokacin da naira ta farfaɗo na ɗan lokaci ta bar waɗanda suka yi sari da tsada riƙe da kayan da ba za su mayar da kuɗinsu ba. Idan ana neman wanda ya fara sanin ko sabuwar waya ta karɓu, wannan mutum ne, makonni kafin labarin ya isa Shanghai.

Ɗan Nijeriya da yake son ya mallaki wani yanki na wannan harka ba shi da hanya mai sauƙi zuwa ga Transsion, domin sashen STAR yana gindaya wa ɗaiɗaikun masu saye na cikin gida ma sharaɗin mallakar kadarar yuan 500,000 da gogewar shekara biyu, na waje kuma sai manyan cibiyoyin kuɗi, ko da yake a ƙarshen 2025 kamfanin ya nemi izinin sayar da hannun jari a Hong Kong, inda ƙofa ta fi buɗuwa. Abin da ke kusa shi ne kamfanonin layi, MTN Nigeria da ya shiga kasuwar hannayen jari ta Legas a watan Mayu na 2019 a kan naira 90 kowane hannu, da Airtel Africa da ya biyo baya a watan Yuli. Mai hannun jari a waɗannan ba ruwansa da ko Tecno ce ta yi nasara ko Xiaomi, muddin dai an ajiye ƙaramar waya an ɗauki babba mai shan data, sai dai faɗuwar naira ba ta bar shi ba, domin MTN Nigeria ya yi asarar kimanin naira biliyan 137 a 2023 da kimanin biliyan 400 a 2024. A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari, matakin da ya taimaka wajen mayar da kamfanin kan riba, amma ya ƙara wa mai tunanin sayen babbar waya a Gwada wani kuɗin da zai riƙa biya kowane wata bayan kuɗin wayar.